Kada Mu Yar da Agogon Baba

Da yawanmu muna da tsohon agogon hannu a gida, na Baba ko na Kaka, yana kwance a akwati. Mun ɗauka ya mutu, alhali sau da yawa lafiyarsa lau.

Misali Seiko 5, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1963. Ba ya amfani da batir. Akwai ƙarfe mai juyawa a cikinsa, motsin hannunmu ne ke juya shi, shi kuma ya ɗaure sifirin. Shi ya sa yake tsayawa in an ajiye shi. Mu girgiza shi a hankali mu kara a kunne. In ya ƙi tashi, wataƙila mansa ne ya bushe. Kada mu ɓalle shi da reza ko mu ɗiga masa man keke! Mu kai wa mai gyaran agogo.

A can, a iya canja gilashi da maɗauri, amma a bar fuska da injin na asali, domin su ne tsadarsa.

In na gado ne, ba namu kaɗai ba ne. Manya su ji kuɗinsa daga masu sana'a biyu ko uku kafin a raba.