Centaur: Jirgin Ruwan Da Ya Ceci Gwamnatin Nyerere

Da yawa daga cikinmu sun san sunan Julius Nyerere, amma kaɗan ne suka san jirgin ruwan yaƙin da ya taɓa ceton gwamnatinsa. Sunansa HMS Centaur, na rundunar sojan ruwan Ingila, ɗaya daga cikin matsakaitan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama.

An fara ƙera shi a birnin Belfast a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙin ya ƙare sai ƙirar ta yi tafiyar hawainiya, bai fara aiki ba sai 1953. A 1961 yana cikin jiragen da Ingila ta tura lokacin da Iraƙi ta yi barazanar haɗiye Kuwait.

Aikin da ya fi shafarmu mu 'yan Afirka shi ne na Janairun 1964. Ranar 20 ga watan, sojojin Tanganyika na barikin Colito, kusa da Dar es Salaam, suka yi bore. Suna neman a ƙara musu albashi, a kuma sallami hafsoshi Turawa da ke shugabantarsu. Shugaba Nyerere ya ɓuya. Da al'amari ya faskara, gwamnatinsa ta nemi taimakon Ingila, shekara 2 kacal bayan samun mulkin kai.

Centaur ya ɗebo sojojin kundunbala daga Aden. Da asubar 25 ga Janairu jirage masu saukar ungulu suka tashi daga bayansa suka sauke su kusa da barikin, nan da nan masu boren suka miƙa wuya.

Abin ya yi wa Nyerere ciwo. Ya kira taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Dar es Salaam cikin Fabrairu, aka amince sojojin Afirka su karɓi aikin. Wata bataliya daga Nijeriya, ƙarƙashin Laftanar Kanar Yakubu Pam, ita ta canji Turawan. Nyerere ya rushe tsohuwar rundunar, ya kafa sabuwa a Satumban 1964.

Shi kuwa Centaur, an dakatar da shi daga aiki a 1965, ya zama wurin kwanan matuƙa, sannan aka farfasa shi a Scotland a 1972. Darasin da ya bar mana a fili yake: tuta da taken ƙasa ba su isa ba, matuƙar tsaron gida yana hannun baƙo.