Paul Crutzen: Mai Ginin Gada Da Ya Gano Inda Hayaƙinmu Yake Zuwa

Da zarar an gama girbi, sanyi ya shigo, sai mu ga wuta tana ci a dazuzzukanmu dare da rana. Wani yana farautar gafiya, wani yana son sabuwar ciyawa ta tsiro wa shanu, wani kuwa sharar gona yake yi. Mukan ce hayaƙin ya tashi ya ɓace. Akwai wani masani da ya yi shekaru yana nuna wa duniya cewa ba ya ɓacewa. Sunansa Paul Crutzen, mutumin ƙasar Holan.

An haife shi a birnin Amstadam a shekarar 1933. Yana yaro ya sha yunwar da ta auka wa ƙasarsu a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Da lokacin jarrabawar fita sakandare ya zo, zazzaɓi ya kama shi, bai sami makin da zai ba shi tallafin shiga jami'a ba. Sai ya koyi aikin injiniyan gini, ya yi aiki a sashen gina gadoji na birninsu. A 1959 ya sami aikin tsara lissafi wa kwamfuta a sashen nazarin yanayi na Jami'ar Istokholm a ƙasar Suwidin, alhali bai taɓa yin irin wannan aiki ba. Yana aiki yana karatu har ya kai ga digirin dakta. Matasanmu da jarrabawa ta kayar su lura da wannan.

Can sama, kimanin kilomita 15 zuwa 35 daga ƙasa, Allah ya shimfiɗa wata iska mai suna ozon, wadda take tare hasken rana mai cutarwa, irin wanda yake kawo sankarar fata da yanar ido. Tun da ba a iya zama a can a yi gwaji, Crutzen ya riƙa zuba lissafin haɗuwar iskoki cikin kwamfuta, yana gwada amsar da abin da aka auna. Lissafin masana na lokacin yana ba da ozon fiye da wanda ake samu. To, me yake cinye shi? A 1970 ya ba da amsa. Ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa suna fitar da wata iska mai sinadarin naitirojin. Tana hawa sama a hankali, a can ta rikiɗe ta zama abin da yake farfasa ozon, shi kuwa ba ya ƙarewa, sai ya koma ya farfasa wani. Takin zamani yana ƙara yawan wannan iska.

Wannan ya buɗe hanya. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka nuna cewa iskar da ake sa wa firiji tana yin irin wannan ɓarna. A 1985 aka ga ozon ya zaizaye ƙwarai a saman Antatika, a 1987 kuma ƙasashe suka sa hannu kan Yarjejeniyar Montreal don daina amfani da iskar. Su ukun suka raba lambar yabo ta Nobel a 1995.

Amma aikinsa da ya fi shafarmu shi ne na wuta. A 1979 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙona daji da gonaki, musamman a ƙasashe masu zafi, babbar hanya ce ta zuba iskoki masu guba a sararin sama. Kafin nan masana'antu da motocin Turai aka fi zargi. In rana ta bugi wannan hayaƙi, takan haifar da ozon a nan kusa da ƙasa, inda ba kariya yake yi ba, sai dai cutar da huhu da rage amfanin gona. Mu da muke koya wa yara a ajin katekisim cewa an sa Adamu a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta, ba mu ga dalilin da zai sa mu yi shiru a kan ashanar da ake ƙyasta wa daji saboda ɓera ɗaya ba.

Nazarin hayaƙin nan ne ya kai shi, tare da John Birks, ga gargaɗin da suka yi a 1982, cewa gobarar da za ta biyo yaƙin nukiliya za ta iya rufe rana har noma ya gagara. A 1996 aka sa shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Paparoma. Ya rasu a birnin Mainz na Jamus a watan Janairu na 2021, yana da shekara 87.