Rijiyar Maƙwabci Ta Ƙafe, Tamu Ba Mu Haƙa Ba

Yara 652 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina sanadiyyar tamowa, a cikin wata shida na farkon 2025. Waɗannan fa su ne suka kai asibiti. Yaron da ya cika a bayan uwarsa kan hanyar Jibiya, ko a ƙauyen da 'yan bindiga suka tare hanyar fita, babu wanda ya rubuta sunansa. A watan Yulin shekarar kuma Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗin cewa kuɗinta ya ƙare, za ta daina ciyar da mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas, cibiyoyin kula da masu tamowa 150 kuma za su rufe.

Da jin haka kowa ya nuna Donald Trump da yatsa, tunda shi ya dakatar da tallafin Amurka ranar 20 ga Janairun 2025, ya kuma rushe hukumar USAID. Lalle yana da nasa kason laifin. Sai dai a ganina babban laifin a gida yake: gwamnatocinmu sun daɗe da sakar wa ƙungiyoyin agaji aikin da aka zaɓe su domin su yi, har suka manta nasu ne.

Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan cibiya da hantsi ya san abin da nake faɗa. Mata jere kan tabarma, kowace da kati a hannu. Ma'aikaciya ta naɗa wa yaro ɗan zaren awo a damtse, ya tsaya a kan ja, ta ɗago ta ce, "Baiwar Allah, tun yaushe ƙafafunsa suka kumbura?" Uwar ta sunkuyar da kai. A ƙirga mata leda-ledar madarar tamowa ta mako guda, a ja mata kunne kada ta raba wa yayyensa, alhali kowa ya san su ma da yunwa suka kwana. To, ginin na ƙaramar hukuma ne, amma madarar, da sikeli, da alawus ɗin ma'aikaciyar, da man janareta, galibi daga aljihun wata ƙungiya suke fitowa. Ranar da ƙungiyar ta naɗe tabarmarta, gini kaɗai za a bari.

Yaya aka yi muka kai nan? A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron har yau tana yawo a wajajen kashi biyar. Kiwon lafiya a matakin farko haƙƙin ƙananan hukumomi ne, su kuwa gwamnoni sun shekara da shekaru suna riƙe da kuɗinsu a asusun haɗaka, har sai da Kotun Ƙoli ta tsawatar a Yulin 2024. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru ƙwarai, a daidai lokacin da kwanon masara ya gagari talaka. Ina kuɗin ya tafi? Gadar sama ana ganinta, ana yanka mata kirtani a gaban 'yan jarida. Yaron da bai mutu ba kuwa, babu mai ɗaukar hotonsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, madarar nan ba wani sirri ba ce. Gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadaran ƙarin lafiya, kuma akwai masana'antar da ke yin ta a Kano. Ƙasar dalar gyaɗa ce ke jiran Bature ya saya wa 'ya'yanta ƙullin gyaɗa. Asusun UNICEF ma yana da tsarin da idan jiha ta zuba naira ɗaya zai ɗora mata ɗaya. Wasu jihohin sun shiga, amma abin da suke zubawa bai taka kara ya karya ba in aka auna da yawan yaran.

Su ma ƙungiyoyin ba su fita daga laifi ba. Da yawa an gina su ne kan kwangilar shekara biyu ko uku, idonsu na kan mai ba da kuɗi, rahotonsu da Turanci yake tafiya Janiba ko Washintan, mutanen garin ba su san nawa aka kashe da sunansu ba. Shi ya sa da aka fara sallamar ma'aikata a Maiduguri, direbobi da masu gadi da ungozoma suka rasa abinci dare ɗaya, kuma ba a sami wata ƙungiyar gari da aka horar ta karɓi aikin ba.

Akwai masu cewa gaba ta kai mu da tafiyar ƙungiyoyin, dama 'yan leƙen asiri ne, su ke tsawaita yaƙi. Zargin tsoho ne. A Satumban 2019 sojoji sun rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a Arewa maso Gabas, daga baya aka buɗe; Nijar kuma ta kori ƙungiyar Red Cross ta duniya a Fabrairun 2025. Ƙasa na da 'yancin sa ido kan baƙi, ban ƙi ba, kuma wanda aka kama da hujja a hukunta shi. Amma mai murna da tafiyarsu ya fara gaya mana wa zai kwana a ɗakin yaran nan gobe.

Ba mu rasa abin koyi ba. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, da aka kafa a 1985, tana tafiyar da makarantu da asibitoci. Zanna Mustafa ya buɗe makarantar marayu a Maiduguri a 2007, ya zaunar da 'ya'yan 'yan Boko Haram da 'ya'yan waɗanda aka kashe a aji ɗaya. Muna da zakka, muna da waƙafi, muna da attajiran da ke raba shinkafa da azumi sannan su ɓace sai baɗi, alhali tamowa ta fi tsanani da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Kirana ga 'yan majalisun jihohinmu ne: idan kasafin baɗi ya zo gabanku, ku nemi layin da aka rubuta kuɗin madarar tamowa, ku tambayi nawa aka saki daga na bana. In babu, kada ku sa hannu.