Asalin Sunan Kohen a Tsakanin Yahudawa

Sunan nan Kohen, wanda Turawa ke rubutawa Cohen, tun fil azal laƙabin muƙami ne kafin ya zama sunan zuriya. A Ibrananci, kohen shi ne limamin da ke gabatar da hadaya a Haikalin Ƙudus, kuma muƙamin gado ne na jikokin Annabi Haruna ta wajen uba. Da Rumawa suka rushe Haikalin a shekarar 70 Miladiyya, hadaya ta tsaya, amma laƙabin ya ci gaba da bin jini.

Saiwar kalmar, wato k-h-n, ita ce dai ta haifi kahin a Larabci, sai dai ma'anonin sun yi hannun riga: a Ibrananci limami, a Larabci boka mai duba.

Galibin Yahudawan Turai ta Tsakiya da ta Gabas sun daɗe suna kiran mutum wane ɗan wane, kamar yadda Bahaushe ke yi. Dokar Sarki Josef na II na Ostiriya ta 1787, da ta Napoleon ta 1808 a Faransa, na cikin dokokin da suka tilasta musu riƙe sunan gida na dindindin. Kowane harshe kuwa ya lanƙwasa sunan yadda bakin masu shi ya iya. A ƙasashen Jamusanci an sami Kohn da Kahn. Rashanci ba shi da sautin /h/ irin wannan, sai ya maye gurbinsa da /g/, aka sami Kagan da Kogan. Shi kuwa Katz taƙaitawa ce ta kohen tsedek, wato limamin adalci.

Kaplan ne ke ruɗar manazarta. A harshen Folan kapłan limami ne, shi ya sa wasu 'yan zuriyar suka ɗauke shi. Amma Baturke mai suna Kaplan damisa sunansa ke nufi, kuma ba abin da ya haɗa su illa kamancin furuci.