Kwali: Lafiyar ƙaramin gari daga asibitin mazaɓa take farawa

Idan kuka fita daga tsakiyar Abuja kuka kama hanyar Lokoja, da kun wuce Gwagwalada za ku isa Kwali, mahaifar Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan takardar naira 20. Yawancin matafiya wucewa kawai suke yi. Amma da dama daga cikinku kuna da wani a can ko a garuruwa irinsa: iyaye, ƙanwar da aka kai aure, ko ku kanku tsadar haya ta fitar da ku daga birni. Doyar da kuke saye a kasuwa ma daga irin waɗannan gonaki take zuwa. Don haka lafiyar Kwali ta shafe ku.

Kwali na cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. An ƙirƙiro ta a 1996, tana da mazaɓu goma, cikinsu har da Yangoji da Pai da Kilankwa da Dafa da Ashara da Yebu. A ƙidayar 2006 mutanenta sun kai kimanin 86,000, kuma tun daga lokacin jama'a ke ta ƙaruwa. Akwai babban asibiti a cikin garin, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Sai dai matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a wani ƙauyen Yebu, ga damina ta ɓata hanya, waɗannan asibitoci sun yi mata nisa. Rayuwarta da ta jaririnta sun rataya ne a kan ƙaramin asibitin mazaɓarta, wanda muke kira sha-ka-tafi. A buɗe yake? Akwai ungozoma mai horo a ciki? Akwai fitila da ruwa?

Kuɗin da doka ta ware

Mutane da yawa ba su san cewa doka ta ware wa irin wannan asibiti kuɗi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa wani asusu da ake kira BHCPF, inda Gwamnatin Tarayya za ta riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta. Rabin kuɗin na biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani ta hanyar inshorar lafiya. Kashi 20 na sayen magunguna da alluran rigakafi ne, kashi 15 na gyaran gini da kayan aiki da sufuri, kashi 10 na horar da ma'aikata, ragowar kashi 5 na agajin gaggawa. An fara sa kuɗin a kasafin 2018. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki, kuma wani kaso ya shiga asusun asibitin kai tsaye, ba tare da ya bi ta ofis-ofis ba.

Wannan tunani ya daɗe. A 1978 ƙasashen duniya suka haɗu a Alma-Ata suka amince cewa a matakin farko ake gina kiwon lafiya. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako suka ce a sa jama'ar gari cikin tafiyar da asibitocinsu. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dage a kan haka a Najeriya, kuma a 1992 aka kafa hukumar NPHCDA mai kula da lafiya a matakin farko.

Amma takarda ba ta karɓar haihuwa. A 2025 ma'aikatan ƙananan hukumomin Abuja, har da na lafiya, sun shafe watanni suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ƙananan asibitoci suka kasance a rufe. Mai hali ya tafi asibitin kuɗi. Talaka ya koma ga mai kemis da mai tallar magani a kasuwa.

Kwamitin da ba ku san da shi ba

A tsarin NPHCDA, kowace mazaɓa tana da kwamitin raya mazaɓa, wanda ma'aikatan lafiya ke kira WDC. Mambobinsa 'yan gari ne: wakilan masu unguwanni, limamai da fastoci, mata, matasa, malaman makaranta da 'yan kasuwa. Aikinsu shi ne su zauna da shugaban asibiti a kai a kai, su san abin da ya shigo da abin da aka kashe, su duba ko ma'aikata na zuwa aiki, su kai kukan jama'a ga ƙaramar hukuma da Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta Abuja.

Inda wannan kwamiti ke da rai, za ku ga alama: an gyara rufin da ke yoyo, firjin ajiye alluran rigakafi na aiki, an liƙa farashin magani a bango. Inda ya zama suna kawai, babu mai tambaya idan magani ya ƙare ko ma'aikaci ya yi sati bai leƙo ba. A nan ne ku mazauna birni kuke da rawar takawa. Ƙungiyoyin 'yan asalin gari da kuke haɗuwa duk wata, kuna tara kuɗin biki da na gaisuwar rasuwa, za su iya tura mutum biyu su halarci zaman kwamitin. A cikinku akwai akanta, akwai nas, akwai lauya. Mutum ɗaya da ya iya karanta takardar banki ya isa ya sauya yadda ake kashe kuɗin asibiti.

Wani abin da kwamiti zai iya yi ba tare da jiran gwamnati ba shi ne shirin kai mai naƙuda asibiti. A jihohin Arewa da dama an yi irin wannan tsari da direbobin ƙungiyar NURTW. A rubuta sunayen direbobi da masu babur uku ko huɗu da suka yarda a tashe su ko da ƙarfe biyun dare ne, a raba lambobinsu ga kowane gida, a ajiye ɗan asusun man fetur a hannun amintaccen mutum. Zubar jini bayan haihuwa kan iya kashe mace cikin awa biyu, kuma sau da yawa neman mota ne ke cinye wannan lokaci.

Ruwa da banɗaki

Cututtuka da yawa da ke cika asibitin mazaɓa daga ruwan sha suke fitowa. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta hallaka sama da 3,500, kuma Abuja na cikin wuraren da ta shafa. Hanyarta sananniya ce: ana bahaya a fili, ruwan sama ya kwashe shi zuwa rafi ko buɗaɗɗiyar rijiya, a ɗebo a sha.

Jigawa ta nuna cewa ana iya toshe wannan hanya. A Oktoban 2022 ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta daina bahaya a fili, a duk ƙananan hukumominta 27. Gari-gari aka bi, masu unguwanni da limamai suka shige gaba, har ya zama abin kunya a ce gida ba shi da masai. Abin da ya yiwu a can zai yiwu a Dafa da Kilankwa. Haka rijiyar burtsatse: gina ta bai kai kula da ita wuya ba. A naɗa masu kula da ita, har da mata tunda su suka fi sanin ranar da ta tsaya, kowane gida ya riƙa ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata don gyara.

Abin da ke wuyan kowane gida

Ku duba katin rigakafin yaranku yau. Ana yi wa jariri allura ranar haihuwa, sai a sati 6 da 10 da 14, sai a wata 9 a yi na ƙyanda da shawara da sanƙarau, a maimaita na ƙyanda a wata 15. Duk kyauta ne a asibitin gwamnati. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 yaran da ba a yi wa rigakafi ba ya fi kamawa. Tun Oktoban 2023 kuma ana yi wa 'yan mata rigakafin sankarar bakin mahaifa. Kada ku manta da irin wannan bibiya ta gida-gida aka kawar da nau'in shan inna da ake kira wild polio, har aka tabbatar da hakan a Agustan 2020.

Uwargida mai juna biyu, ki fara awo da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas kafin haihuwa. A can za a auna jininki, a ba ki maganin ƙarin jini da na kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Maigida, rakiya da kuɗin mota naka ne, kuma ka tanadi kuɗin haihuwa tun cikin yana ƙarami.

Idan yaro ya fara gudawa, a ba shi ruwan ORS nan take, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Idan babu ORS a kusa, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Idan ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, a garzaya asibiti. Zazzaɓi kuma a gwada jini kafin a sha magani, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Manya su riƙa auna hawan jini, domin yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba.

Idan kun je gida

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ziyararku ta gaba, bayan gaisuwa, ku taka zuwa asibitin mazaɓa. Ku gaisa da ma'aikata cikin mutunci, domin yawancinsu aiki ya yi musu yawa. Ku tambayi wane ne shugaban kwamitin raya mazaɓa da ranar zamansu na gaba. Ku tambaya ko asibitin yana karɓar kuɗin BHCPF, da yadda ake rajistar tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara a inshorar lafiya ta Abuja. Ku tambaya wa ke kwana a bakin aiki da dare. Ku rubuta amsoshin, ku kai su zaman ƙungiyarku, a zaɓi matsala ɗaya da za a gyara kafin damina mai zuwa. Allah Ya ƙara mana lafiya.