Mene ne ciwon gwiwar masu gudu?

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar sojoji, sai ka ga samari a Tudun Wada da Doguwa sun fito gudu da asuba, suna shirin gwajin ƙarfin jiki irin wanda ake yi a sansanin soja na dajin Falgore. Da yawansu gwiwa ke tsayar da su.

Ciwo ne da ake ji a kewayen ƙoƙon gwiwa, yana tsananta wajen gangara, tsuguno ko daɗewa a zaune. Yanayin taku na daga cikin abubuwan da ke jawo shi. Idan mutum ya miƙa ƙafa can gaba ya dira da dunduniya, gwiwa a sandare, ita ce ke ɗaukar nauyin. Haka kuma in tsokar kwankwaso ba ta da ƙarfi, gwiwa kan karkata ciki.

Gyaransa shi ne a rage tsawon taku, a ƙara yawansa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashin jiki. Nisa kuwa a riƙa ƙara shi sannu a hankali. Gaggawar son kammala shiri cikin mako biyu tana da illa sosai. In gwiwa ta kumbura, a tafi asibiti.