Yadda ake ƙera ƙaramin kan jirgin ƙasa mai tururi da hannu

A shekarar 1924, a wajen wani baje kolin ƙere-ƙeren hannu a birnin Landan, jama'a sun yi cincirindo a kan wani guntun layin dogo da faɗinsa bai wuce inci 2 da rabi ba, wato kamar tsawon ɗan yatsa. A kan layin akwai kan jirgin ƙasa da mutum ɗaya zai iya rungumarsa ya ɗauka, wanda maƙerinsa ya raɗa wa suna Ayesha. An hura masa wutar kwal, aka jira ruwa ya tafasa, sannan babban mutum ya hau ɗan amalanken da aka ɗaura a bayansa. Da aka buɗe tururi, sai ɗan kan jirgin ya ja shi ya tafi.

Maƙerin shi ne Curly Lawrence, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke sa hannu a rubuce-rubucensa da haruffan LBSC, waɗanda ya ɗauko daga sunan kamfanin da ya yi wa aiki yana saurayi. Kafin wannan rana an daɗe ana musayar wasiƙu masu zafi a mujallar Model Engineer. Fitaccen injiniya Henry Greenly da kamfanin Bassett-Lowke suna ganin ƙananan kawunan jirgi irin wannan sun fi dacewa da wutar sifirit da tukunya mai sauƙin tsari. Lawrence kuwa ya dage cewa a gina wa ƙaramin murhu da bututun wuta kamar yadda ake gina wa babba, a ba shi kwal, zai yi aikin da ya fi ƙarfin girmansa. Su ma sun kawo nasu kan jirgin wajen, amma abin da 'yan kallo suka gani da idonsu ya sa ra'ayin Lawrence ya rinjaya daga baya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Daga nan har zuwa rasuwarsa a 1967, Lawrence ya riƙa wallafa bayanin ƙira daki-daki, ya tsara kawunan jirgi fiye da 100, ya kuma ƙera fiye da 50 da hannunsa. Ya nuna wa ƙaramin ma'aikaci mai 'yar rumfa a bayan gida cewa shi ma zai iya. Har yau ana ƙera tsare-tsarensa, musamman wani ɗan ƙarami mai suna Tich da masu koyo kan fara da shi.

Zaɓen ma'auni

Wanda zai fara wannan aiki yakan fara ne da yanke shawarar faɗin layin da jirginsa zai hau. A Birtaniya an fi amfani da inci 2 da rabi, da 3 da rabi, da 5, da kuma 7 da kwata. Faɗin babban layin dogon ƙasar ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, wato milimita 1,435, irin na layin Abuja zuwa Kaduna. Saboda haka jirgin layin inci 3 da rabi yakan zama kashi ɗaya cikin 16 na tsawon babban, na inci 5 kusan ɗaya cikin 11, na inci 7 da kwata kuma ɗaya cikin 8.

A nan ne lissafi ke fara yi wa maƙeri gardama. Idan aka rage tsawo sau 8, faɗin murhu zai ragu sau 64, cikin tukunya kuma sau 512. Amma wuta da ruwa da iska suna nan a halinsu. Ƙwarar kwal ba ta sauya yadda take ci don an sa ta a ƙaramin murhu, ruwa kuma ba ya son bin ramin da ya yi masa ƙanƙanta. Wannan shi ne babban darasin Lawrence: ana iya ƙanƙantar da ƙarfe, amma ɗabi'ar wuta da ruwa ba ta ƙanƙancewa. Shi ya sa maƙeri kan bar siffar waje ta yi kama da ta asali, a ciki kuwa ya rage yawan bututu ya ƙara musu faɗi, ya buɗe hanyoyin tururi fiye da yadda ma'auni ya ce.

Daga zane zuwa ƙarfe

Aiki yakan soma da ƙashin jirgin: fallayen ƙarfe biyu dogaye, masu kauri kamar milimita 3, waɗanda komai zai rataya a jikinsu. Ana haɗa su wuri ɗaya a ɗaure, a yanka da zarto, a goge da magagari, a huda su tare, domin kowane rami na dama ya fuskanci ɗan'uwansa na hagu. Kuskuren da aka yi a nan zai bi jirgin har ƙarshe.

Ƙafafu da silinda yawanci ana sayen zubinsu ne daga masu narka ƙarfe, su zo da kaushi, sai maƙeri ya ɗora su a kan injin da ke juya ƙarfe ana fere shi. Wannan inji shi ne uwar rumfar, kuma dubban maƙeran Birtaniya sun yi rayuwarsu a gaban samfurin Myford ML7 da ya fito a 1946. Awon da ake aiki da shi kashi ɗaya ne cikin 1,000 na inci, wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Idan fistin ya matse ba zai motsa ba, idan ya yi sako-sako tururi zai zurare ta gefensa.

Akwai wani mataki da ke ba masu koyo wahala. Ƙusar da sandar tuƙi ke kamawa a ƙafar dama dole ta riga ta hagu da kwatan zagaye cif, wato digiri 90, domin duk inda jirgi ya tsaya a samu fistin ɗaya da zai iya tayar da shi. Idan kusurwar ta bambanta tsakanin ƙafafun gaba da na baya, sandunan da ke haɗa su za su cije, jirgi ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Bayan haka sai sandunan da ke buɗe wa tururi ƙofa su rufe a kan lokaci. Da yawa suna bin tsarin da Egide Walschaerts, ɗan ƙasar Beljiyam, ya ƙirƙiro a 1844. Idan an gama, sai a jona iska daga famfo a gwada. Ranar da ƙafafu suka fara juyawa da kansu rana ce da maƙeri ba ya mantawa, ko da yake mafi haɗarin aikin yana gaba.

Tukunyar tururi

Ana yin tukunyar ce da jan ƙarfe. Sai an gasa fallen ya yi ja ya yi laushi, a ɗora shi a kan wani ƙarfe ko katako mai siffar da ake so, a riƙa bugu da guduma a hankali. Da ya fara tauri sai a mayar da shi wuta. Daga murhu ake jera bututu su ratsa cikin ruwa zuwa gaban jirgi, dabarar da kan jirgin Rocket ya shahara da ita a gasar Rainhill ta 1829 da bututunsa 25. Tururin da ya gama aiki a silinda ana harba shi ta bututun hayaƙi, ya janyo iska ta cikin murhu. Wannan ne ke sa wuta ta ƙara ruruwa duk lokacin da kaya suka yi wa jirgi nauyi.

Ba a like gaɓoɓin tukunya da dalma irin ta mai gyaran rediyo. Ana amfani da mahaɗin azurfa da ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 600, kuma dole tukunyar duka ta ɗauki zafi kafin ya kwarara cikin gaɓa. Dalilin wannan tsanani shi ne matsin da za ta ɗauka, wanda yakan kai 80 zuwa 100 a irin ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya, alhali tayar mota ba ta cika wuce 35 ba. A wannan matsi ruwa ba ya tafasa sai ya haura digiri 160. Idan tukunya ta tsage, wani kaso na ruwan zai rikiɗe tururi nan take, kuma ruwa idan ya zama tururi a sarari yakan kumbura kusan sau 1,600. Direban ɗan jirgin kuwa yana zaune ne dab da murhun.

Saboda haka ƙungiyoyin maƙera a Birtaniya ba sa barin kowa ya hura wuta a layinsu sai da takardar shaida. Sabuwar tukunya ana cika ta da ruwan sanyi maƙil, a matsa ta da famfo har ninki biyu na matsin aikinta. An zaɓi ruwa ne domin ba ya matsuwa: idan gaɓa ta gaza, ɗigo kawai za a gani. Bayan haka akwai gwajin tururi, inda ake tabbatar da cewa bawul ɗin kariya yana buɗewa a kan lokaci, kuma ana maimaita gwaje-gwajen lokaci-lokaci muddin jirgin yana aiki.

Ko da tukunya lafiyayya ce, tururi ba abin wasa ba ne. Walt Disney, mai finafinan zane na Amurka, ya shimfiɗa layin inci 7 da kwata a gidansa a 1950, da kan jirgi mai suna Lilly Belle. A 1953 wani baƙo ya yi gudu da shi ya kauce daga layi, tururi ya ƙona wata ƙaramar yarinya. Daga nan Disney ya rufe layin.

Abin da ake samu bayan shekaru

Kan jirgi ɗaya yakan ci shekaru ana yinsa da yamma da ranakun hutu, wani ma magada ne ke ƙarasa shi. Sakamakon kuwa a bayyane yake a wuraren shaƙatawa na Birtaniya, inda kan jirgin layin inci 5 ke jan manya da yara da dama. Tun 1969 ake gudanar da gasar shekara-shekara ta auna wanda ya fi yin aiki da kwal mafi ƙaranci, kuma ko gwanaye yawanci ba sa mayar da kashi 3 cikin 100 na zafin kwal zuwa aiki. Hukumar jiragen ƙasan Birtaniya ta daina amfani da tururi a manyan layukanta a watan Agustan 1968, amma sanin yadda ake hura murhu da daidaita bawul ya ci gaba da rayuwa, har a waɗannan rumfuna na bayan gida.

Najeriya ma tana da rabo a wannan tarihi. Layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma daga ƙarshen shekarun 1940 masana'antun Birtaniya sun ƙera wa ƙasar wasu kawunan jirgi da aka sa wa sunayen koguna. Faɗin tsohon layinmu ƙafa 3 ne da rabi, wato inci 42. Wanda ya so ƙera ɗayansu a kan layin inci 3 da rabi zai samu lissafi mai sauƙi: kowace ƙafa ta babban jirgi inci ɗaya ce a ƙaramin.

Sai dai maƙeri ba ya fara yanka ƙarfe sai da zane, ko da jirgin asali da zai auna. Akwai tsofaffin kawunan jirgi a harabar hukumar jiragen ƙasa da ke Ebute Metta a Legas, akwai kuma ɗan kan jirgin Wushishi da aka ajiye a Minna. Duk mai niyyar ƙera irinsu, aikinsa na farko shi ne ya je da tef ɗin awo da littafi, tun tsatsa ba ta cinye abin da za a auna ba.